Girman ƙwayar ƙanƙara a cikin gajimare: wace lamba ce ta gaskiya?

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin yanayi ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ina gwada WRF, manhajar hasashen yanayi, a kan hadarin damina. Na lura a wani ɓangaren manhajar, sanyin iska kaɗai ake dubawa a yanke girman ƙwayar ƙanƙarar da ke cikin gajimare, a wani ɓangaren kuma lissafa shi ake yi. Wata takarda ta ce maikiron 30, wata ta ce 60. Wacce ce daidai? Kuma me ya sa abu ƙanƙani haka zai dami mai hasashen yanayin duniya baki ɗaya?"

Ƙanwata, kin taɓa inda ke mana ƙaiƙayi. Gajeriyar amsa ita ce babu lamba ɗaya da za a ce ita ce ta gaskiya, kuma mai yiwuwa takardun nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba ko da sun kira shi da suna ɗaya. Abin da na fi so ki riƙe shi ne: ƙwayar da manhajarki ke sa wa ta faɗo ƙasa, dole ta zama ita ce ƙwayar da ke tare hasken rana. Mafi yawan ɓarnar da na gani a wannan fanni daga rabuwar waɗannan biyun take fitowa. Amma bari mu fara daga sama, mu ga abin da ke can.

Daga kilomita 6 zuwa sama, har zuwa kilomita 16 ko 17 a yankunan zafi, gajimare yawanci ƙanƙara ce. Shi ne wannan siririn gajimaren da kike gani kamar an yi sharɓe da auduga a sararin sama, da kuma faffadan rufin da ke bazuwa a saman babban hadari. Ƙwayoyin da ke ciki sun faro daga maikiron 10 ko ƙasa da haka, har zuwa dunƙulen da ya kai milimita da dama. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kai ɗaya bai wuce maikiron 50 zuwa 100 ba. Wato a cikin gajimare guda za ki sami ƙwayar da ta ninka maƙwabciyarta sau ɗari ko fiye.

Da ɗigon ruwa ne da abin ya zo da sauƙi, domin ɗigo kewayayye ne, lamba ɗaya ta isa ta bayyana shi. Ƙanƙara ba haka take ba. Tun a shekarun 1930 Nakaya Ukichiro, a Hokkaido ta ƙasar Japan, ya nuna cewa siffar ƙwaya tana bin sanyi da yawan danshin da ta girma a ciki: wajen digiri 5 ƙasa da sifili takan fito kamar allura, wajen digiri 15 ƙasa da sifili kuma kamar faranti mai kusurwa shida ko tauraro mai rassa. A 2009 Bailey da Hallett suka faɗaɗa wannan taswira zuwa tsananin sanyi, suka nuna cewa idan sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili abin da ya fi yawa shi ne sanduna da kuma ƙwayoyi masu ƙahonni da ke fitowa daga cibiya ɗaya, kuma yawancinsu ba su da kyan tsarin da ake zanawa. To idan aka ce miki girman allura, tsawonta ake nufi ko kaurinta? Nan ruɗanin ya faro. Af, ko kin san lokacin da ake cewa wata ya yi sansani, ƙwayoyin nan ne masu kusurwa shida ke karkatar da haske da digiri 22? Ƙarancin ganin sansanin, alhali siririn gajimare ba ya ƙaranci, yana daga cikin alamun cewa yawancin ƙwayoyin masu kaushi ne, ba sumul ba.

Yanzu dubi halin da manhaja ke ciki. Ta yanka sararin sama gida-gida. A manhajojin sauyin yanayi, gida ɗaya yakan kai kilomita 100 a kowane gefe. Ta cibiyar ECMWF ta Turai, wadda ke cikin mafi ƙwarewa a hasashen kwanaki, tana aiki da kilomita 9 tun 2016. A kowane gida akwai ƙwayoyin da ba sa ƙirguwa, amma abin da manhaja ke iya ɗauka lamba ɗaya ce ko biyu: nauyin ƙanƙarar da ke ciki, wani lokaci da yawan ƙwayoyin. Duk sauran bayani, zato ne da aka gina a kan awo.

Lambar da kika gani a takardun nan, mu kira ta girman tasiri. Ba tsawon wata ƙwaya ba ce da za ki iya nunawa da yatsa. Rabo ne tsakanin yawan ƙanƙarar da faɗin inuwar da take yi. Ki ɗauki mudu ɗaya na gero ki watsa a kan tabarma, za ki riƙa hango tabarmar ta tsakanin tsabar. Ki niƙa wannan mudun ya zama gari ki barbaɗa, tabarmar ta ɓace. Nauyi bai canja ba, inuwa ce ta ƙaru. Haka gajimare yake. Ga lissafin a zahiri: a ce akwai giram 20 na ƙanƙara a saman kowane murabba'in mita, abin da idan ya narke bai fi cokalin shayi huɗu ba. Kaurin gajimare a idon haske shi ne wannan nauyin sau uku, a raba da ninki biyu na nauyin ƙanƙara a kowane kubik mita, wato kilo 917, sau girman tasiri da aka auna da rabin faɗi. Idan girman maikiron 15 ne, kaurin ya kai 2.2, idan 30 ne, 1.1, idan 60 ne, ya sauko kusan 0.55. Cokali huɗun nan dai ne, amma a na farko rana ta dusashe sosai, a na ƙarshe kuwa inuwarki tana nan a ƙasa. Saboda haka bambancin 30 da 60 da kika tambaya ninki biyu ne cif a kaurin gajimare.

Sai dai kafin ki ce ɗaya ta yi kuskure, duba yadda kowacce ta fassara lambarta. Wani yana ba da rabin faɗi, wani cikakken faɗi, to kin ga 30 da 60 sun zama abu ɗaya. Ebert da Curry a 1992 sun yi nasu ma'anar, Qiang Fu a 1996 ya yi tasa bisa sanduna masu kusurwa shida, kuma a 1998 McFarquhar da Heymsfield suka jera ma'anonin da ake amfani da su suka nuna cewa gajimare ɗaya yana ba da lambobi daban-daban gwargwadon ma'anar da aka bi. Wanda ya ɗauko lamba daga wannan ma'ana ya zuba a lissafin da aka gina kan waccan, ya yi kuskuren da kwamfuta ba za ta taɓa yi masa gargaɗi a kai ba.

Me ya sa abin ya dami mai nazarin ɗumamar duniya? Domin gajimaren ƙanƙara aiki biyu yake yi masu karo da juna. Da rana laima ne, yana mayar da hasken rana sama. Dare da rana kuma bargo ne: yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa, shi kuwa da yake yana cikin tsananin sanyi, kaɗan yake sakewa zuwa samaniya. Siririn gajimare bargonsa ya fi laimarsa ƙarfi, sai ya ɗumama duniya. Mai kauri kuwa da rana laimar ce ke rinjaye. A yankunan zafi waɗannan manyan lambobi biyu sun kusa cinye juna, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma girman ƙwaya na cikin abubuwan da ke yanke ko ragowar ɗumi ne ko sanyi.

Amma ni a ganina, inda girma ya fi yin tasiri shi ne saurin faɗowa. Kin ga mata suna sheƙar hatsi: tsaba ta zubo a gindin ƙwarya, ƙaiƙayi ya bi iska. Ƙananan ƙwayoyi suna saukowa da 'yan santimita a daƙiƙa, manyan dunƙule kuwa kusan mita ɗaya. Gajimare mai kaurin kilomita 2, idan ƙanƙararsa na sauka da santimita 10 a daƙiƙa, zai ɗauki awa biyar da rabi kafin ya zube. Idan santimita 50 ne, awa ɗaya da 'yan mintoci. Wannan ne ke yanke tsawon ran gajimare, da faɗin sararin da zai rufe, da yawan danshin da zai rage a can sama, shi kuma tururin ruwa a wannan tsayi babban mai riƙe zafi ne. A 2008 Sanderson da abokan aikinsa suka bincika dubban gwaje-gwajen da aka yi da manhajar Birtaniya a kwamfutocin 'yan sa kai, inda aka riƙa sauya lambobin da ba a da tabbas a kansu. Suka gano cewa saurin faɗowar ƙanƙara shi ne na biyu a cikin abubuwan da suka fi juya yawan ɗumamar da manhajar ke hasashe, bayan yadda hadari ke haɗiyar iskar da ke kewaye da shi. A shekarar da ta biyo, Waliser da jama'arsa suka kwatanta manhajojin duniya na lokacin suka ga jimillar ƙanƙarar da ke samansu ta bambanta har kusan ninki 20. Ki tsaya ki auna wannan: manhajojin duk suna iya fitar da zafin duniya kusan daidai, alhali wata tana ɗauke da ƙanƙara ninki ashirin na wata. Hakan ba ya yiwuwa sai idan girman ƙwaya da wasu lambobi suna rufe gibin.

Tarihin yadda ake wakiltar girman a taƙaice yake. Da farko lamba ɗaya aka kafa ga duniya duka. Sai aka lura ƙwayoyi suna ƙanƙancewa yayin da sanyi ke ƙaruwa, domin can sama danshin da za su ci su girma kaɗan ne, manya kuma sun riga sun faɗo. Ou da Liou suka mayar da wannan lissafi a 1995. Sun da Rikus a 1999 suka ƙara da yawan ƙanƙara, kuma irin nasu ECMWF ta ɗauka. Daga nan aka zo ga tsarin da ke bin nauyi da yawan ƙwayoyi a tare, kamar na Morrison da Gettelman na 2008, inda girma ke fitowa daga raba nauyi da yawa, ba daga jadawalin lambobi ba. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ya mayar da nauyin a kan wata tambaya mai wuya: ƙwayoyi nawa aka haifa tun farko?

Akwai kuma wani ɗinki da ya daɗe yana damuna. Yawancin manhajoji sun raba ƙanƙara gida biyu, ƙanana da suke kira ƙanƙarar gajimare, da manya da suke kira dusar ƙanƙara, da iyaka a wasu ɗaruruwan maikiron. Wannan iyaka babu ita a sama. A ruwa akwai gibi na gaskiya tsakanin ɗigon gajimare da ɗigon ruwan sama, amma ƙanƙara a hankali take girma babu tsalle. Da yake iyakar ƙirƙira ce, ta zama abin murɗawa: a ɗaga ta ko a sauke ta har lissafin zafin duniya ya daidaita. Kuma manhajoji da yawa sun shekara suna ɓoye dusar daga lissafin haske, kamar ba ta yin inuwa. Shi ya sa nake ganin tsarin P3 da Morrison da Milbrandt suka fitar a 2015 ya kama hanya, don ya rushe ɗakunan ya bar ƙwaya ta sauya halinta sannu a hankali. A Ingila kuma Anthony Baran da abokan aikinsa sun bi wata hanyar, suka haɗa halin haske kai tsaye da yawan ƙanƙara da sanyi, da zato iri ɗaya da na sashen da ke kula da girma da faɗowar ƙwayoyi, ba tare da bi ta kan girman tasiri ba sam.

To ina aka samo awon da aka gina duk waɗannan? Daga jiragen sama, kuma nan ne labarin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ana ɗaura na'ura a ƙarƙashin fiffike, mai hannuwa biyu da hasken lesa a tsakani. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta bar inuwarta. Na sha zama gaban waɗannan hotuna: dogayen layuka farare, da baƙaƙen inuwoyi jere, nan tauraro, nan sanda, nan dunƙule mai kama da ƙaya. Jefi-jefi sai ki ci karo da wuri guda cike da ɗige-ɗige, goma ko ashirin, duk sun iso a lokaci ɗaya, sannan fili. Shekaru da dama ana ƙirga waɗannan a matsayin ƙananan ƙwayoyi na gaskiya, har aka yarda cewa gajimaren ƙanƙara cike yake da su. Ashe jirgin da ke gudun mita 100 zuwa 200 a daƙiƙa, idan babbar ƙwaya ta daki bakin na'urar, tarwatsewa take yi, ɓaraguzan su faɗa cikin hasken. Paul Field da abokan aikinsa suka fara tace su ta hanyar duba tazarar lokacin isowa, domin ɓaraguzai a cunkushe suke zuwa. Sannan Alexei Korolev na Kanada ya ƙera bakin na'ura mai tsini da ke kawar da ɓaraguzan gefe, ya tashi da tsohuwar da sabuwar a jirgi ɗaya, kuma sakamakon da ya wallafa a 2011 ya nuna cewa a wasu gajimaren tsohuwar tana ninka yawan ƙwayoyi sau goma, wani lokaci har sau ɗari. Nauyin ƙanƙara bai ɓaci sosai ba, tunda manya ke ɗauke da shi, amma yawan ƙwayoyi da girmansu sun taɓu. Don haka duk lissafin girma da kika ga an gina a kan awon jirgi na kafin wannan gyara, ki tambayi yadda aka yi da ƙananan ƙwayoyin kafin ki amince da shi.

Ko ƙa'idar nan ta cewa ƙanƙara mai yawa tana tafiya da manyan ƙwayoyi, ba ko'ina take ba. Bayan matsalolin da injinan jiragen fasinja suka riƙa samu kusa da manyan hadarai, da hatsarin jirgin Air France 447 a Tekun Atlantika a Yunin 2009 wanda ƙanƙara ta toshe masa bututun auna gudu, an yi gangamin awo a Darwin ta Ostareliya a 2014 da Cayenne ta Guiana ta Faransa a 2015. Aka sami wurare masu ƙanƙara fiye da giram 2 a kubik mita, amma yawancinta a ƙananan ƙwayoyi, 'yan ɗaruruwan maikiron, har radar jirgi ba ta nuna haɗari. Manhajoji da dama sun kasa fitar da wannan, suna ba da manyan ƙwayoyi inda sama ta ba da ƙanana.

Daga tauraron ɗan'adam kuwa, kowace na'ura da irin idonta. Amsar da rada ke samu tana bin nauyin ƙwaya sau kansa, don haka manya take gani. Lesa kuwa inuwa take bi, ƙanana ke cika mata ido, kuma ba ta ratsa gajimare mai kauri. Haɗa su biyun ne ke ba da girma, abin da CloudSat da CALIPSO suka yi tun harba su tare a Afrilun 2006 har suka kammala aiki a 2023. Na'urar MODIS kuma daga hasken rana take ciro girma, amma na saman gajimare kawai, kuma sai an zaci siffar ƙwaya. Da aka sauya zaton zuwa dunƙulen sanduna masu kaushi, lambobin suka motsa. EarthCARE na Turai da Japan, wanda aka harba a Mayun 2024, yana ɗauke da radar da ke auna saurin faɗowar ƙwayoyi daga sama, kuma wannan shi ne awon da muka fi ƙishirwa.

Tunda hadarin damina kike nazari, abu biyu sun shafe ki kai tsaye. Na farko ƙura. Tsabtataccen ɗigon ruwa ba ya daskarewa da kansa sai wajen digiri 38 ƙasa da sifili, kuma idan hakan ta faru, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ake haifa, ƙanana, suna rabon danshi kaɗan. Idan kuwa akwai ƙurar da ƙanƙara za ta kama ta fara, kaɗan ake haifa da wuri, su shanye danshin su yi girma su faɗo. Binciken Cziczo na 2013 ya ƙafar da ƙwayoyin da aka kamo daga irin wannan gajimare ya tarar yawancin abin da ya rage ƙurar ƙasa ce da ɓurɓushin ƙarfe. Ke kuma kina aiki a gefen Sahara, kusa da kwarin Bodele na Chadi, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya. Lissafin haihuwar ƙanƙara da aka daidaita da iskar wani yanki ba lallai ya dace da naki ba. Na biyu, akwai awo na yankin: gangamin binciken daminar Afirka mai suna AMMA na 2006 ya kafa rada da na'urori a Yamai, kuma a Agustan 2010 jirgin bincike na Faransa ya tashi daga can ya ratsa rufin hadarai yana ɗaukar hoton ƙwayoyi. Da waɗannan ya kamata ki gwada sakamakonki, ba da na tsakiyar Amurka ba.

Ga abin da zan yi da ni ne ke zaune gaban kwamfutarki. Zan fara buɗe lissafin haske in tabbatar daga ina yake karɓar girma. Wannan ya taɓa cin mini makonni: na sauya yadda ƙanƙara ke haihuwa, yawan ƙwayoyi ya ninka, amma hasken da ke komawa sama bai ko motsa yadda ya kamata ba. Da na bi layin lissafin ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar sashen haske bai taɓa jin labarin sauyin ba, jadawalinsa na sanyi yake karantawa. A WRF haka abin yake a da, sai da Greg Thompson da abokan aikinsa suka haɗa sassan biyu, aikin da suka wallafa a 2016, kuma har yanzu haɗin bai shafi kowane zaɓi ba. Ya danganta da tsarin ƙwayoyi da tsarin hasken da kika haɗa. Bayan nan zan duba ma'anar lambar da ake miƙawa, rabin faɗi ce ko cikakke, ta Fu ce ko ta wani, da iyakokin da aka datse ta a kai, da ko dusar ƙanƙara na cikin lissafin haske.

Sannan ki gudanar da gwajinki sau uku, da girman da manhaja ta bayar, da rabinsa, da ninkinsa, ki dubi faɗin rufin hadari da asuba, da sanyin samansa idan aka kwatanta da hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat, da zafin ƙasa washegari da hantsi. Rufin da ya kwana bai watse ba yana hana ƙasa yin zafi, ƙasar da ba ta yi zafi ba kuwa tana iya jinkirta hadarin la'asar ko ta hana shi tashi. Idan sakamakon da kike son rubutawa ya tsaya a duka ukun, ki rubuta shi da ƙarfin gwiwa. Idan ya juya, ki rubuta hakan a fili, tare da lambar da kika yi amfani da ita da ma'anarta, ki kuma aiko mini da hotunan ukun mu duba tare.